Gadar Tagurt da Sa Hannun Mutum Biyar

Litinin, 3 ga Oktoba

Takarda ta zo daga majalisar yanki. Za a rubuta sabon tsarin raya yanki na shekara shida, kowace ƙaramar hukuma ta aika da buƙatunta kafin Nuwamba ya ƙare. Shugabanmu, Si Lahsan, ya ajiye min ita a tebur yana gatsar tuffa, ya ce, "Lalla Zuhur, ga abincinki ya sauka."

Shekara goma sha tara ke nan ina ofishin tsare-tsare na ƙaramar hukumar Ait Wansa. Wannan ne tsari na uku da zan rubuta wa buƙatu. Na jawo fayil ɗin gadar ƙauyen Tagurt daga ƙasan kabad, ɓera ya ɗan taɓa gefensa. Shi ma ya gaji ya bari.

Sau biyu gadar nan tana shiga jerinmu, sau biyu tana ɓacewa tsakanin nan da birni. Har yau ban san a wane ofishi take faɗuwa ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Dadda Basu ya leƙo. Shi ne babban dattawan Tagurt, shi ke raba wa manoma kwanakin ban-ruwa tun ina yarinya, kuma abokin marigayi babana Muha ne. Ya rame. Ashe matarsa, Lalla Itto, ƙodarta ta daina aiki tun bazara. Litinin da Alhamis sai an kai ta asibitin lardi wankin ƙoda. Yau ma ya bar ta can ne ya zo cefane.

Yanzu kogin da ya raba Tagurt da kwalta bai wuce idon sawu ba, a-kori-kura na ratsa shi. Amma ni da shi mun san abin da yake zama in ƙanƙarar tsauni ta fara narkewa.

"'Yar Muha, an ce za a sake rubutu."

Na ce haka aka ce.

"To wannan karon ki rubuta da manyan baƙaƙe. Wataƙila idonsu ne ba ya gani."

Na yi dariya, na zuba masa shayi.

Talata, 18 ga Oktoba

Na je lardi wajen injiniya Si Mulud. Mutumin kirki, saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma ba ya ɓoye cewa kwanakin yake ƙirgawa. Ya shimfiɗa taswira ya ɗora kofin shayi a kusurwa don kada ta naɗe.

Daga kwalta zuwa bakin kogi, hanyar lardi ce. Daga ƙetare zuwa cikin ƙauye, tamu ce. Kogin kansa da gaɓarsa duka biyu na hukumar koguna ne, wadda ba ta atishawa sai ta tambayi babban birnin ƙasa. Kuɗin babban aiki kuwa yanzu a hannun yanki yake.

Na ce, "To gadar ta wa ce?"

Ya ce, "Ta iska ce, Lalla. Ai a iska take tsayawa."

Na san duk wannan tuntuni. Ban san me ya sa na ɓata kuɗin mota ba.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Taron tuntuɓa a babban birnin yanki. Awa huɗu a mota, sannan ɗakin otal mai sanyi kamar firij. An raba mana ƙananan takardu masu launi, wai kowa ya rubuta burinsa ya manna a bango. Rabin bayanin da Faransanci. Wani tsohon kansila kusa da ni ya rubuta "ruwa" a tasa, ya riƙe ta a hannu har aka tashi, bai san inda zai manna ba.

Tsarin na da ginshiƙai huɗu: yawon buɗe ido, sarrafa amfanin gona, aikin yi ga matasa, da fasahar zamani. Na duba sama na duba ƙasa, ba inda gada za ta zauna.

A wajen cin abinci na tare mai kula da tsarin, Lalla Gizlan. Yarinya ce, ba za ta wuce talatin da biyu ba. Na same ta ta cire takalmi a ƙarƙashin tebur tana murza ƙafa. Na zata za ta yi min dogon Faransanci, sai ta yi min magana kai tsaye. Ta ce yanki ba ya ɗaukar aikin ƙauye ɗaya, wannan hurumin ƙaramar hukuma ne. Na ce ƙaramar hukumarmu ko kwalbati sai ta yi shekara tana tari. Ta ce ta sani. Ta ce, "In aikin ya haɗa ƙananan hukumomi biyu, zan iya shigar da shi. Ku nemo maƙwabta. Kuma don Allah kada ki kira ta gada a shafin farko."

Maƙwabta. Ƙaramar hukumar Ait Tamda ke nan. Allah ya kyauta.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Bayana kamar an daka. Ban je ofis ba.

Juma'a, 11 ga Nuwamba

Na gaya wa Si Lahsan. Tsalle ya yi kamar ya taka garwashi. Shi da Alhaji Addi, shugaban Ait Tamda, ba su gaisa ba tun zaɓe, ga kuma tsohon rikicin makiyayar tsauni da kakanninmu suka bar mana.

"Ni in je wa Addi? Gara in goya matan Tagurt ɗaya bayan ɗaya in ƙetare da su!"

Na kalli tumbinsa.

A gida mijina Asu ya lura ina juya cokali cikin kuskus ba na ci. Ya ce, "Ke da bakinki kika ce gadar nan ba za a taɓa yin ta ba. To mene ne na ƙin cin abinci?" Shekara ashirin da biyu da aure, har yanzu mijin nan bai san lokacin da ake yin shiru ba. Malamin makaranta dai, komai sai ya yi tambaya.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Na hau Tagurt. Ba wanda ya aike ni.

Dattawa bakwai a zauren masallaci, ni a bakin ƙofa kan buzu. Na faɗa musu yadda abin yake, ban shafa masa mai ba: in Ait Tamda ba su sa hannu ba, babu gada, kuma shugabanmu ya rantse ba zai je ba. Wani ya fara zagin Ait Tamda da tumakinsu. Dadda Basu ya bar shi har ya gaji, sannan ya tuna musu cewa mutanen Isgan, ƙauyen Ait Tamda da ke bayan tudu, su ma a wannan ƙetaren suke, su ma kogin nan ne ke tsare su.

Ya ce, "Shugabanni a takarda suke faɗa. Mu da Isgan kuwa a makabarta muke haɗuwa. Bar min wannan, 'yar Muha."

Cikin taswirar Si Mulud babu wannan zauren. Cikin dokar ma babu shi.

Lalla Itto ta cika min jaka da busasshiyar tuffa. Hannunta duk tabon allura.

Asabar, 26 ga Nuwamba

Dabara ta tsofaffi. Dattawan ƙauyukan biyu sun yanka akuya, wai sadakar roƙon ruwa, suka gayyaci shugabannin biyu, kowanne bai san ɗayan zai zo ba. Aka zaunar da su a kan tajin guda, kaskon nama ɗaya a tsakaninsu. Ba mai iya tashi daga abincin sadaka a gaban jama'a. Ni ina ɓangaren mata, labari na zuwa mana guntu-guntu ta bakin masu kai burodi.

Wai da farko kowa na ci daga gabansa kamar an ja layi. Wai Alhaji Addi ne ya fara, ya ce, "Lahsan, naman ya fi yawa a wajenka, kamar yadda ƙuri'u suka yi." Wai har liman sai da ya yi dariya.

Alhaji Addi ya yarda, amma da sharaɗi. Ba za a yi gadar a mashigar Tagurt ba, sai a gangara ƙasa inda hanyar Isgan ke ɓullowa, don kada a ce ya sa hannu a aikin wasu. Wurin nan gonar Dadda Basu ce. Itatuwan tuffa arba'in, shi da Lalla Itto suka dasa su shekarar da aka haifi ɗansu na fari.

An ce kowa ya juya ya kalli Dadda Basu. Sai ya ce, "A ɗauka."

Da na juya wajen Lalla Itto na ga har an gaya mata. Ta ce, "Bai tambaye ni ba, tsohon banza." Sai ta ci gaba da tsince lauz, gyaɗar itacen nan tamu ta tsauni. Can ta ce, "Da ya tambaye ni ma haka zan ce."

Laraba, 30 ga Nuwamba

Na tura, saura awa biyu a rufe. Sunan aikin: "Hanyar Haɗa Garuruwan Tsauni da Kasuwar Tuffa da Wuraren Yawon Buɗe Ido." Kalmar gada sai a shafi na bakwai ta fito. Na sa hoton wani Bature da jaka a baya wanda ya taɓa ɓata hanya ya kwana a Tagurt. Ban sa hoton Lalla Itto ba, ba ta cikin ginshiƙai huɗu.

Na ji kunya kaɗan. Ta wuce.

Laraba, 14 ga Disamba

Fayil ya dawo. Ofishin gwamnan lardi ba zai amince da ƙudurin majalisunmu biyu ba sai ya ga takardar yanki cewa aikin na cikin tsari. Yanki ba zai sa shi cikin tsari ba sai ya ga amincewar gwamna. Na buga wa wannan, na buga wa wancan. Kowa da ladabi, kowa da gaskiyarsa, kowa da lambar dokar da zai karanto min. Abin da ya fi ci min rai ke nan, babu mugu ko ɗaya da zan tsana.

A ƙarshe Si Mulud ya ce in kawo wasiƙu biyu marasa kwanan wata, shi zai san yadda zai yi a haife su rana ɗaya. Ban tambaye shi ba.

Litinin, 9 ga Janairu

Shiru. Sanyi. Hitar ɗumama ofis ta mutu, da safar hannu nake buga na'ura.

Alhamis, 12 ga Janairu

Na kai wasu takardu lardi, sai na biya asibiti. Lalla Itto na kwance, igiyoyin roba biyu sun fita daga hannunta zuwa na'ura, jini na zagayawa. Na kasa kallo, ita kuwa ko a jikinta.

"Na'urar nan ta fi Basu hali. Awa huɗu ina mata surutu, ba ta taɓa ce min 'ya isa' ba."

Ta tambayi Asu, ta tambayi 'yata da ke karatu a birnin Fas, ta ce in daina barin ta tana cin abincin gwangwani. Ba ta tambayi gada ba. Da ta tambaya da ya fi min sauƙi.

Talata, 7 ga Fabrairu

Majalisar yanki ta zauna, ta amince da tsari. Aikinmu na ciki. Lalla Gizlan ta turo min hoton shafin: lamba ta sittin da uku, ƙarƙashin "ayyukan da ke jiran yarjejeniya." Wato sai mu, da Ait Tamda, da lardi, da yanki, da hukumar koguna mun sa hannu a takarda ɗaya, kowa ya faɗi abin da zai ɗauka. Biyar.

Ba mu taɓa kaiwa nan ba, gaskiya. Amma ban gaya wa kowa a Tagurt ba. Ba sai na gaya ba ma: Si Lahsan na shagon shayi yana shelar ya kawo gada, an ce Alhaji Addi ma haka yake yi a tasu kasuwar. Gadar da ba ta da uba jiya, yau ubanninta biyu.

Alhamis, 23 ga Fabrairu

Dusar ƙanƙara kwana huɗu ba tsayawa. Tsofaffi na cewa rabonsu da irinta tun suna samari. Kowa na murna saboda rijiyoyi. Ni ina kallon tsaunin ta taga, fari fat, ina tunanin duk wannan ta ina zai sauko.

An ɗage zaman yarjejeniya. Wakilin hukumar koguna bai samu hanya ba.

Alhamis, 9 ga Maris

Iska mai ɗumi tun Asabar. Kogi ya kawo. Lalla Itto ba ta je wanki ranar Litinin ba, yau ma ba ta je ba. Ɗanta ya bugo daga garin lardi yana kuka, yana tambayata wai wa zai kira. Na ba shi lambobi huɗu. Na san abin da kowannensu zai ce masa.

Asabar, 11 ga Maris

Zan rubuta don kada in manta, ko da yake ba na jin zan manta.

Da hantsi muka isa bakin kogi da motar asibitin ƙaramar hukuma. Ruwan ja ne kamar kunun ƙasa, yana tafe da itace, ƙararsa ba ka jin na kusa da kai. A ƙetare mutane sun taru. Sun ciro ƙyauren masallaci, sun kwantar da ita a kai, sun ɗaure ta da rawani uku. Wani saurayi ya fara ratsowa da igiya a ƙugu, sau biyu ruwa na kayar da shi, muka kama igiyar muka ɗaura a jikin motar.

Mutum takwas suka ɗauko ta a kafaɗa. Huɗu 'yan Isgan ne, na gane su da irin naɗin rawaninsu. Ruwa har ƙirji. A tsakiya ɗaya daga cikin na gaba ya zame, ƙyauren ya karkata, mata suka ɗauki salati a ƙetare. Dadda Basu na bayansu riƙe da igiya, an hana shi shiga ya ƙi, mutum mai shekara saba'in da biyar.

Ban san lokacin da na ɗaga waya na fara ɗaukar bidiyo ba. Har yanzu ban sani ba ko daidai na yi.

Da suka sauke ta fuskarta ta kumbura, idanun sun kusa rufewa, numfashi da ƙyar. Ta gane ni. Ta ce wani abu, na sunkuya. Wai takalminta ɗaya ya tafi.

Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da sai dai haƙuri.

Talata, 14 ga Maris

Zaman yarjejeniya a lardi. Dogon tebur, ruwan kwalba, kowa da katin sunansa. Ni a kujerar baya, aikina miƙa wa Si Lahsan takarda. Kujerar hukumar koguna wayam, wannan karon ma. Sun aiko wasiƙa: suna buƙatar sabon bincike kan ƙarfin ambaliya a wurin kafin su ce komai. Babban sakataren lardi ya karanta, ya ce to sai a ɗage zuwa bayan salla.

Ban shirya ba. Na dai ga kaina a tsaye, na ajiye waya a tsakiyar tebur, hoton na tafiya, ƙarar ruwan ta cika ɗakin. Na ce, "Ga binciken." Da yarenmu na faɗa, ba da Larabcin ofis ba. Na faɗi wasu abubuwan kuma, ba na tuna su duka. Na tuna na ce mutum takwas sun sa kafaɗa a ƙyaure ɗaya ba tare da yarjejeniya ba.

Babban sakatare ya ce, "Lalla, ba a ba ki izinin magana ba."

Na ce na sani. Na zauna.

Ba wanda ya kashe wayar har hoton ya ƙare. Sai Si Mulud ya yi gyaran murya, ya ce shi dai in bai manta ba an taɓa yin irin wannan binciken a tsarin da ya wuce, hukumar koguna ce ma da kanta ta yi, kuma yana jin kwafin na cikin kabad ɗinsa. Shekara shida yana zaune a kai! Lalla Gizlan ta ce a ba ta. Alhaji Addi ya ce biyu daga masu ɗaukar ƙyauren 'ya'yan ƙanwarsa ne.

A mota Si Lahsan ya wanke ni tas. Na kunyata shi a gaban manya, ni ma'aikaciya ce ba zaɓaɓɓiya ba, za a rubuto min takardar jan kunne kuma shi ba zai tare min ba. Da muka kusa gari ya ce in tura masa hoton.

Juma'a, 17 ga Maris

Takardar jan kunne ta zo. Ita kam kwana uku kacal ta yi a hanya.

Talata, 28 ga Maris

Azumi na shida. Lalla Itto ba za ta koma Tagurt ba, likita ya hana. Tana ɗakin da ɗanta ke haya a bayan tashar mota, ɗaki ɗaya da matarsa da yara uku, taga na kallon bangon maƙwabci. Na kai mata harira, miyar buɗa-baki, da dabino da la'asar. Matar da ta saba buɗe ƙofa ta ga tsauni.

Ta ce ruwan famfon garin nan ɗanɗanon ƙarfe gare shi. Ta ce kajinta na hannun maƙwabciya mai son kai. Sai ta riƙe min hannu.

"Ku gina ta, 'yar Muha. Ko ban taka ta da ƙafata ba, gawata ta bi ta kai ta koma gida. Kada a sake jiƙa 'ya'yan mutane saboda ni."

Na ce Allah ya ba ta lafiya ta taka da ƙafarta. Ta ce, "Amin, amma ki ji abin da na ce."

Dadda Basu rabin mako a nan, rabi a can. Ya miƙa rabon ruwa ga wani, har an fara faɗa a kan kwanaki.

Laraba, 12 ga Afrilu

Lalla Gizlan ta bugo. Da kanta ta ɗauki tsohon binciken ta kai hukumar koguna, ta zauna a ƙofar darakta tun safe har azahar da azumi a bakinta. Sun karɓa, amma sai babban birni ya gani. Ta ce, "Lalla Zuhur, ni ma fa ina da na sama da ni." Muryarta a gajiye. Na tuna yadda na raina ta ranar takardu masu launi.

Sa hannu uku. Saura lardi, wanda ke jiran koguna, wadda ke jiran babban birni.

Kullum da safe ina buga waya uku kafin in cire mayafi. Sakatarorin sun san muryata, ɗaya har tana tambayata ciwon bayana.

Talata, 9 ga Mayu

Biyar sun cika.

An yi biki a zauren lardi, tuta, kek, masu ɗaukar hoto. Si Lahsan da Alhaji Addi sun rungumi juna har sau biyu saboda mai hoto bai samu na farko ba. Ni na riƙe biro. Ba wanda ya gayyaci kowa daga Tagurt ko Isgan, ban kuma tuna ba sai da na ga kujeru. Wannan laifina ne.

Shafi na ƙarshe ya ce za a fara aiki "da zarar kowane ɓangare ya saki kasonsa." Si Mulud ya raɗa min, "Sa hannu ba siminti ba ne, Lalla." Na ce masa na sani, ba yau aka haife ni ba.

Na dawo gida na yi barci tun la'asar.

Asabar, 20 ga Mayu

An ce Dadda Basu ya sare itatuwan. Duka arba'in, da 'ya'ya ƙanana a jikinsu. Na aika masa tun makon jiya cewa ya dakata, ya ci amfanin bana, ba a san ranar fara aiki ba, wataƙila baɗi, wataƙila... Ya aiko min da amsa ta bakin direban a-kori-kura: "Ka ce wa 'yar Muha, in na bar su, gobe wani zai rubuto takarda ya ce itatuwa ne suka hana."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da shi, ko da wa, ban sani ba. In aka ƙi yi fa? Da wane ido zan kalle shi?

Asabar, 3 ga Yuni

Masu awo sun je shekaranjiya, Si Mulud ya faɗa min a waya kamar ba komai ba.

Yau na ce wa Asu zan hau Tagurt sayen zuma. Ya ɗago daga littattafan da yake dubawa ya kalle ni, bai ce komai ba. Yau kam ya iya.

Na sauka a gonar. Kututture arba'in a jere, ban so kallonsu ba. Ga fegi na ƙarfe da masu awo suka kafa, kawunansu da jan fenti, shida a wannan gaɓar, shida a waccan. Kogin ya koma sumul kamar bai taɓa yin komai ba. Na tuɓe takalmi na ratsa, sanyin ruwan har cikin haƙori. Na auna da taki daga fegi zuwa fegi, ba don na san awo ba.

Ɗaya ya kwanta, awaki ne suka ture shi, ga kashinsu nan. Ramin na nan a fili. Na mayar da shi, na nemo dutse na buga har ya zauna, na tara wasu duwatsun a gindinsa. Sai na ga na kusa da shi ma yana ɗan motsi, na gyara. Haka dai har sha biyun. Na fasa farce, jallabiyata duk laka.

Fegi ne kawai. Na sha ganin fegi ya yi tsatsa a wurinsa har ciyawa ta rufe shi, ni ce ma zan ba da labari. Ban ce za a yi ba. Kawai dai in sun dawo kada su tarar da shi a kwance su ce sai an sake awo.

Sai da mota ta kai kwalta na tuna zumar.